Tsakanin Wuyan Sa da Bakin Garma

Sharhin namu na yau na manoma ne, da maƙera, da masu walda, da duk wani magidanci da ke da shanun huɗa a turke ko amalanke a ƙofar gida.

Wanda ya bi hanyar Dutse zuwa Kiyawa, ko ya miƙa Jahun, ko ya gangara Birnin Kudu a makon da aka yi ruwan shuka, abu ɗaya zai riƙa gani dama da hagu: shanu biyu-biyu, yaro a gaba da igiya, babba a baya da garma. In kaka ta yi, shanun nan ne ke jawo damman gero da karan dawa zuwa gida. Da rani su kai taki gona, su ɗebo yashi da bulo, ranar kasuwa su kai buhunan riɗi da zoɓo Shuwarin. A ƙauyen da mota ba ta iya shiga da damina kuwa, amalanken shanu ne ke fitar da mai naƙuda zuwa bakin titi.

To, idan manoma suka zauna hira a kan wannan sana'a, za ka ji ana maganar sa: nawa aka sayo shi a Maigatari ranar Alhamis, fari ne ko ja, ya horu ko bai horu ba. Za ka ji ana maganar garma: ta kamfani ce ko ƙirar gida, bakinta ya cinye ko da saura. Abin da ba ka cika ji ba shi ne maganar kayan da ke tsakani, waɗanda suke haɗa san da garmar. Karkiyar da ke kan wuya. Sandunan da ke sauka gefen wuya. Igiyar da ke zagaye maƙogwaro. Ƙawanyar da ke tsakiyar karkiya, da sarƙa, da ƙugiya, da 'yar ƙusar da ke riƙe sandar amalanke. Duka-duka kuɗinsu bai kai na harawar wata guda ba. Amma duk ƙarfin da sa ya tara daga dusa da harawa da ƙowa, ta cikinsu yake bi kafin ya isa ƙasa. In sun daidaita, ƙarfin ya zama kunya. In sun karkace, ya zama miki a wuyan sa da ciwon baya ga mai garma.

Noma da shanu ba daɗaɗɗen abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san takarkari, sun san jaki da mangala, sun san raƙumi da ayari, amma duk ɗaukar kaya suke yi a baya, ba ja ba. A shekarar 1922 ne aka fara gwada jan garma da shanu a Daura. Daga 1928 Ma'aikatar Gona ta Turawa ta soma shirin ba manoma rancen shanu da garma, a biya sannu a hankali, galibi ta hannun En'e. Da manoma uku aka fara. Kafin tsakiyar shekarun 1950 sun haura 15,000, saboda gyaɗa da auduga suna kawo kuɗi, kuma mai shanu yana iya huɗe abin da mai garmar hannu ba zai taɓa kaiwa ba. Garmar da ta zauna da gindinta ita ce Emcot, wadda kamfanin Ransomes na garin Ipswich a Ingila ya ƙera, daga baya kamfanin John Holt ya riƙa yin ta a Zariya. Daga nan maƙeranmu suka karɓe ta, suna bugo baki daga sifirin ɗin tsohuwar mota. A shekarun 1980, muna cikin tsohuwar Jihar Kano, hukumar raya aikin gona ta jihar, KNARDA, ta ƙara yaɗa abin, bayan an ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 kuma takwararta ta sabuwar jihar, JARDA, ta gaji aikin malaman gona.

Shekara ɗari ke nan. A cikinsu an canja masu ba da rance, an canja masu ƙera garma, an canja irin da ake shukawa. Karkiya kuwa tana nan yadda take: gungumen darbejiya ko turare da aka sare, aka huda wuri huɗu, aka zura sanduna.

Bari mu fara da ita. Shanunmu masu tozo ne, kuma a gaban tozon nan karkiya take zama, ta nan sa yake tura ta. Wurin da itace ya taɓa fata bai fi tafin hannu ba. Idan sandar siririya ce, duk nauyin jan yana taruwa a ɗan wannan wuri. Idan tana da ƙulli ko tsaga, kowane taku gurzawa ce. Yanzu ma an shigo da yayin karkiyar bututun ƙarfe da sandunan rodi, don ba ta karyewa. Gaskiya ba ta karyewa. Amma ta sha rana ta yi zafi, ga tabon walda da ba a goge ba yana cin fata. Igiyar leda da ta maye gurbin ta rama da ta fata ita ma haka: ba ta ruɓewa, amma siririya ce, tana yanka, in an ɗaure ta tamau kuma sai ta shaƙe. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Wurin zaman wuya ya zama mai faɗi, a fafe shi ya bi lanƙwasar wuyan, a goge shi sumul. Tsakanin igiya da maƙogwaro kuma hannun mutum ya iya wucewa.

Wasu suna naɗa tsumma ko buhu a jikin karkiya don tausayi. Niyyar mai kyau ce, sai dai tsumman da ya sha gumi ya kwashi yashi ya fi itace mai santsi cin fata. Haka kuma yin huɗa ana cikin yayyafi: jiƙaƙƙiyar fata ta fi saurin saɓulewa. In mikin ya fito, sai a nemo baƙin mai a shafa, washegari a sake ɗora karkiyar a kan wurin. Baƙin mai ba magani ba ne. Maganin shi ne a wanke, a nemi malamin dabbobi, a huta da san, sannan a gyara abin da ya jawo mikin. Na san abin da manomi zai ce: ruwa ba ya jira, wa zai ajiye sa kwana goma a tsakiyar huɗa? Shi ya sa gyaran na rani ne. Kuma a tuna, yawancin manomanmu ɗan maraƙi suke saya, ya yi musu aiki 'yan shekaru yana ƙiba, su sayar da riba. San nan shi ne asusun gida. Ranar da aka kai shi kara, dillali wuyan zai fara shafawa, tabon da ya gani kuma a kuɗinka zai cire shi.

Akwai wata dabara da tsofaffin masu huɗa suka sani, matasa da yawa ba su sani ba. Da wuya ka sami shanu biyu masu ƙarfi ɗaya. Idan ƙawanyar da sarƙa take kamawa tana tsakiyar karkiya daidai, to an raba musu aiki daidai, ƙaramin ya riƙa ja da baya, yaro ya riƙa tsula masa bulala ana cewa malalaci ne. Dubi ɗan garuwa: in garwa ɗaya ta fi ɗaya nauyi, ba ya sa kafaɗarsa a tsakiyar sanda, matsawa yake wajen mai nauyin. To haka nan, a matsar da ƙawanyar kaɗan wajen babban sa, sai ya ɗauki kaso mafi yawa, ƙaramin ya samu sauƙi, su jera. Wannan ba ya cin ko kwabo, illa ƙarin huji ɗaya ko biyu a jikin karkiya.

Tsawon karkiya ma ba ado ba ne, shi ke yanke faɗin kunya. Lokacin maimai ko tayar da kunya, garma tana bin kwari ɗaya, shanun kuma suna taka kwarin da ke dama da wanda ke hagu. Ke nan tazarar da ke tsakanin wuyan wannan da wuyan wancan dole ta ninka tazarar kunya sau biyu. In kunyarka santimita 75 ce, tsakanin wuyoyin ya zama 150. In ba haka ba, sa zai riƙa hawa kan kunya yana tattake gero, kai kuma kana zaginsa. Amalanke kuwa gajerar karkiya yake so, don juyawa da shiga lungu da burtali. Mafi yawan gidaje karkiya ɗaya suke da ita, da ita ake huɗa, da ita ake maimai, da ita ake zuwa kasuwa. Mai halin yin biyu ya yi biyu.

Sai sarƙa, kuma a nan nake so mai sauraro ya ba ni kunnensa sosai. Wurare uku ne: inda sarƙa ta kama karkiya, inda ta kama kan garma, da tsakiyar bakin garma a cikin ƙasa. Ana so ukun nan su zama a layi ɗaya miƙaƙƙe yayin da ake tafiya. In sarƙa ta yi gajarta, sai ta riƙa ɗaga kan garma, baki ya riƙa fitowa daga ƙasa, mai garma ya wuni yana ɗaga mariƙi don ya cusa shi, ga haɗarin baki ya sari dunduniyar sa wajen juyawa. In ta yi tsawo da yawa, garma ta riƙa nutsewa, 'yar tayar gaba ta riƙa tona rairayi, shanu suna nishi, kuma kowane juyi sai an bar fili a bakin gona. Waɗannan hujojin da ke kan garma, a jere daga sama zuwa ƙasa, don wannan aka yi su. Ka sa ƙugiya a hujin sama, garma ta ƙara zurfi. Ka sauko da ita ƙasa, ta rage. Amma je ka duba garmunan da ke gonakinmu. Da yawa ƙarfen mai hujojin ya ɓace tun tuni, ko maƙerin bai ma yi shi ba, an naɗe sarƙa a wuyan garma an ɗaure da waya. Garmar da aka daidaita, a ƙasa mai laushi irin tamu, riƙon sakwa-sakwa take so. Idan ka ga ƙato yana kokawa da garma gumi na zuba, kada ka yaba ƙarfinsa, ka duba sarƙarsa.

Me ya sa wannan ɗan bambanci yake da muhimmanci? Saboda ƙarfin sa yana da iyaka. Masana sun auna, sa yana iya jure jan abin da ya kai kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa, na tsawon sa'o'i. San da ya kai kilo 300 ke nan jan kilo 30 ne nasa, biyu su haɗa 60 ko ƙasa da haka kaɗan. Na ɗan lokaci za su iya fin haka nesa, amma ba wuni ba. Kuma lokacin da ake buƙatarsu, farkon damina, shi ne lokacin da suka fi rama, bayan watannin bazara babu ɗanyar ciyawa. Dabbar da ke cikin wannan hali ba ta da rarar ƙarfin da za a zubar a karkatacciyar sarƙa.

Mu koma kan amalanke. Masu waldarmu sun iya shi, a yaba musu: aksil ɗin tsohuwar mota da tayoyinsa, a ɗora gado, a jawo doguwar sanda zuwa karkiya. Raunin yana wurin da sandar ta haɗu da karkiya. Sau da yawa abin da ke riƙe kaya da mutane da shanu shi ne tsohon noti da ya side, ko guntun rodi da aka zura ba a kulle ƙasansa ba. A hanya mai gargada yana tsalle yana hawa sama, wata rana ya fice. Ƙusa mai kauri, mai kai a sama da huji a ƙasa inda za a sa 'yar makulli, da guntuwar sarƙa ta ko-ta-kwana, aikin rabin sa'a ne a wurin maƙeri. Sannan lodi. Amalanke mai taya biyu sikeli ne. Ka tara buhuna a baya, sanda ta ɗaga, igiya ta shaƙe shanu. Ka tara a gaba, nauyin ya sauka a wuyansu, su yi ta tafiya kai a ƙasa. A kan aksil ake tara nauyi, a ɗan rinjayar da shi gaba kaɗan. Birki kuwa kusan babu mai sa shi, alhali a gangaren kwalbati amalanke ne ke tura shanu, karkiya ta zame ta daki ƙaho. Kuma tunda tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa ta Shuwarin, motoci suna gudu kamar ba gobe, duk amalanken da ke hawa kwalta bayan magariba ba tare da ƙyalli a bayansa ba yana wasa da rayuka ne.

Wani zai ce, ga dawakai a ƙasar nan, me ya hana su jan garma? Akwai al'ada: doki a wurinmu na sarauta ne, na hawan sallah ne, na angwanci da sukuwa. Akwai lissafi: doki hatsi yake ci, ba shi da juriyar sa, kuma in ya tsufa ba a samun ribar nama. Amma akwai kuma maganar kayan ɗauri. Doki ba shi da tozo. Da ƙirji da kafaɗa yake ja, in ka ɗora masa karkiya ko ka zarga masa igiya a wuya ka toshe masa numfashi. Sai da mutanen Sin suka ƙirƙiro abin wuya mai laushi da ke zama a kan kafaɗa, ya isa Turai wajen shekara dubu da suka wuce, sannan doki ya zama dabbar noma sosai a can. Bayan abin wuyan akwai igiyoyin ja biyu, dama da hagu, da ke ƙarewa a jikin wata 'yar sanda mai lilo a bayan dabbar. Duk takun da doki ya yi, kafaɗa ɗaya ta yi gaba, sandar ta juya ta bi ta, don haka ba a gurzar fata. Ba sai an je Turai ba. A ƙasar Senegal, yankin gyaɗa na Kaolack, doki ɗaya da ɗamarar ƙirji shi ke jan injin shuka da na noma, kayan kuma a garin Pout ake ƙera su tun zamanin kamfanin SISCOMA, wanda ya koma SISMAR. A Maraɗi da Damagaram amalanken jaki ba baƙon abu ba ne.

Jakin nan shi ya fi ba ni tausayi. Manomin da ba shi da kuɗin shanu biyu yakan samu jaki, sai a rage masa karkiyar shanu a ɗora masa, ko a yanko tsohuwar taya a rataya masa. Shi ma da ƙirji yake ja kamar doki. Ga shi dama jakuna sun yi tsada saboda cinikin fatarsu, har Tarayyar Afirka ta hana yanka su don fata a watan Fabrairun 2024. Kuma abin mamaki, gwanintar da ake buƙata tana nan cikinmu. Je ka Garu, cikin Dutse, ranar hawan sallah ka dubi aikin dukawa a jikin dawakan Masarautar Dutse: linzami, ragama, majayi, kamazuru, zubka a ƙarƙashin sirdi don kada bayan doki ya ji ciwo. Hannun da ya ɗinka waɗannan ba zai gagara ɗinka faffaɗar ɗamarar ƙirji ta jaki ba. Ba a taɓa kai masa aikin ba ne, saboda dokin hawa muke wa kallon mai daraja, dabbar da ke ciyar da mu kuwa ko oho.

Ba ina kira a kawo mana wata sabuwar na'ura daga waje ba ne. An gwada wannan. Shekaru da dama cibiyoyin bincike a Afirka da Indiya suna ƙera wani keken shanu mai taya biyu da ake ɗaura wa garma da injin shuka da gadon kaya. An yi wajen 10,000 a duniya, kusan duka manoma suka jingine su, har wani masani Bature, Paul Starkey, ya rubuta littafi a 1988 a kan yadda aka ƙware wajen ƙera su amma aka ƙi su. Sun yi tsada, sun yi nauyi, in sun lalace babu mai gyara a ƙauye. A Yulin 1990 masanan noma da dabbobi na Afirka ta Yamma sun yi babban taronsu a Kano, nan kusa da mu. Ilimin yana nan a Samaru ta Zariya, a Cibiyar Binciken Aikin Gona da cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS. Abin da ya rage shi ne ya sauko rumfar maƙeri, a cikin siffar da zai iya bugawa da ƙarfen da yake da shi, a farashin da manomi zai iya biya.

Tarakta alheri ce, kowa yana son ta, gwamnatoci kuma suna son a ɗauke su hoto a gabanta. Amma gonakinmu ƙanana ne, a warwatse, kuma kowa a mako ɗaya yake son huɗa. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, ga faɗuwar naira, duk abin da ke shan mai ko yake buƙatar kayan gyara daga waje ya ƙara nisa da talaka. Shekaru masu zuwa da yawa shanu ne za su ci gaba da huɗe mafi yawan gonakin Kiyawa da Miga da Buji da Gwaram.

Saboda haka kiranmu ga JARDA shi ne malaman gona su tara maƙera da masassaƙa da masu walda na kowace gunduma tun da rani, a nuna musu awon karkiyar huɗa da ta amalanke, da ƙarfen kan garma mai hujoji, da ƙusa mai makulli. Duk shirin da zai ba da rancen shanu da garma, ya haɗa da karkiya da sarƙa na kirki a ciki. Tsangayar aikin gona ta Jami'ar Tarayya da ke Dutse, da Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗeja, su tura ɗalibai gonaki su auna, su ƙirga shanu nawa ke da miki a ƙarshen huɗa, su gwada gyara a gaban manoma.

Kai kuma malam manomi, tun kafin hadari ya haɗu, sauko da karkiyarka daga kan rumbu. Shafa tafin hannunka a inda wuya ke zama, duk inda ya kama maka fata a kankare shi. Duba sarƙa ɗiya-ɗiya, wadda ta side a sauya. Auna tazarar kunyarka, ka auna karkiyar. Ƙusar amalanke kuma a kai wa maƙeri ya huda ƙasanta a sa makulli.

Allah ya ba mu damina mai albarka.